Darasi: Maganin Narkar da Guda a Robar Ƙirji da Lokacin Zuba Shi

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai ciwon ƙirji ya san kwalbar nan da ake ajiyewa a ƙasa, gefen gado. Roba ce ta fito daga tsakanin haƙarƙarin marar lafiya, ta sauko ta nutsa bakinta cikin ruwan da ke kwalbar. In ya ja numfashi ruwan cikin robar ya hau, in ya saki ya sauka. Mai jinya yakan wuni idonsa na kanta. Ranar da mugunya ta zubo da yawa hankalinsa ya kwanta. Ranar da ta tsaya cak kuma sai ya rasa fassarar da zai yi wa abin: sauƙi ne ya samu, ko toshewa aka yi?

Sau da yawa toshewa ce, kuma akwai maganin da ake zubawa ta cikin robar don ya buɗe hanya. Amma amfaninsa ya rataya a kan ranar da aka zuba shi da tsawon zaman da ya yi a ciki.

Kwana goma sha biyu kafin asibiti

A ɗauki misalin wani tela a unguwar Federal Low-Cost, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai. Cikin hunturu, ƙura ta rufe Gombe, mura ta kama shi ta zarce tari. Kwana uku sai ga zazzaɓi da suka a gefen dama, irin sukar da ke hana mutum jan dogon numfashi. Ya aiki yaro kemis, aka haɗo masa maganin zazzaɓin sauro da kafso na kwana biyu. Jiki ya ɗan saki, ya koma kan keken ɗinki, don kayan biki na jiransa. Mako bai zagayo ba zazzaɓin ya dawo, da gumin dare mai jiƙa matashi. Gwaggonsa ta ce sanyi ne ya shige shi, a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Aka kira, aka yi. A kwana na goma sha biyu, da ya kasa kai kansa masallaci sai da ya tsaya hutu sau biyu, ƙaninsa ya tare Keke Napep ya kai shi asibiti.

Hoton ƙirji ya nuna rabin ɓangaren dama fari fat. Likita ya soka allura tsakanin haƙarƙari ya zuƙo ruwa rawaya mai dishi-dishi, a ranar aka sa roba aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ranar farko kwalba ta tara mililita 800. Washegari 200. A rana ta uku ko 30 ba ta cika ba.

Ƙanin ya yi murna, ya tari likita a bakin ɗaki. "Likita, ai ruwan ya ƙare. Ko za a cire wa Yaya robar nan ya huta?"

"Bai ƙare ba, Malam. Maƙalewa ya yi. Zo ka gani."

A allon na'urar sikanin, ruwan da ya rage ya fito baƙi, da fararen zaruruwa sun ratsa shi sun raba shi ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma. Bakin robar yana ɗaki ɗaya, ya zuƙe abin da ke wurin ya gama. Sauran ɗakunan suna cike, zazzaɓi kuma bai sauka ba.

Abin da ke faruwa a bayan haƙarƙari

Huhu yana lulluɓe da tantani biyu. Ɗaya ya manne a jikinsa, ɗayan ya shimfiɗu a cikin haƙarƙari. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa, bai fi babban cokali ɗaya ko biyu ba, aikinsa kamar na man da tela ke ɗigawa a keke ne, don huhu ya riƙa zamewa ba gogayya. Idan nimoniya ta kama huhu, wato ciwon da mutane ke kira sanyin haƙarƙari, tantanin yakan kumbura ya riƙa tsatso ruwa. Idan ƙwayoyin cuta suka tsallaka cikin ruwan, shi ne zai zama mugunya.

Tun 1962 likitocin ƙirji na Amurka suka kasa wannan ciwo mataki uku, kuma duk matar da ta taɓa dama kunu za ta gane su. A kwanakin farko ruwan tsinkakke ne, kamar kunun da aka sauke yanzu, ko ta ina aka karkata shi zai bi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai yakan isa, ko a haɗa da zuƙewa. Bayan 'yan kwanaki sai ya fara kauri. Jiki yana da wani zare da yake saƙawa idan mutum ya yanke, shi ke haɗa gudan da ke tsayar da jini, likitoci na kiransa fibirin. Wannan zaren ne ke sauka cikin ruwan ya gina bangayen da ƙanin tela ya gani a allo. Fararen ƙwayoyin jini da suka mutu wajen yaƙi da cutar kuma suna fashewa su zubar da sinadarin DNA, shi ke sa mugunya yauƙi da danƙo har ta kasa bin roba.

Mataki na uku yakan fara wajen mako na uku zuwa sama. Zaren da ke da laushi ya rikiɗe ya zama nama mai tauri, ya yi wa huhu ɓawo kamar ƙirgin da ya sha rana. Huhu ya kasa buɗewa, haƙarƙarin wannan gefen su matse, wani lokaci har kafaɗa ta karkace. A nan ba maganin da zai narkar da shi. Sai tiyata, a buɗe ƙirji a ɓare ɓawon da hannu.

Maganin narkar da guda na mataki na biyu ne. Telan ya iso a ƙarshen wannan matakin, da sauran 'yan kwanaki a hannu. Da ya ƙara mako guda a gida yana jarraba wani kemis ɗin, da zancen ya sauya.

Daga wuƙa zuwa sirinji

Tarihin ciwon kansa cike yake da rigimar lokaci. Hippocrates na Girka, wanda littattafan Larabci ke kira Buƙraɗ, ya rubuta yadda ake tsaga gefen ƙirji a fitar da mugunya shekara 2,400 da suka wuce. Dabarar nutsa bakin roba cikin ruwa don iska ta kasa komawa ƙirji kuwa wani likitan Hambug a Jamus, Gotthard Bülau, ya fara aiki da ita a 1875.

A 1918, shekarar annobar murar da ta zagaye duniya har ta iso ƙasar Hausa, sojojin Amurka sun yi ta mutuwa a sansanoninsu da mugunyar ƙirji. Likitocin soja suna ganin ruwa sai su yanke haƙarƙari su bar ƙirji a buɗe. Wajen mutum 30 cikin 100 suka riƙa rasuwa. Kwamitin da aka kafa, wanda likita Evarts Graham ke ciki, ya gano cewa gaggawar ce ke kisa: ana buɗe ƙirji tun ruwan na tsinkakke, iska ta afka ciki, huhun da nimoniya ta riga ta galabaitar ya durƙushe. Suka ce a riƙa zuƙewa da allura tukuna, a ciyar da marar lafiya sosai, kada a buɗe sai mugunya ta yi kauri. Mace-mace suka sauko ƙasa da 5 cikin 100. Wuƙar ita ce dai, ranar sa ta aka sauya.

Maganin narkewa ya zo daga inda ba a zata ba. A 1933 wani likita, William Tillett, ya lura cewa wasu ƙwayoyin cuta suna fitar da sinadarin da ke narkar da gudan jini. Daga nan aka samo maganin da takardar likita ke rubuta streptokinase. A 1949 shi da abokin aikinsa Sol Sherry suka zuba shi cikin ƙirjin marasa lafiya a Niyu Yok, ruwan da ya maƙale ya ɓalle. Fiye da shekara hamsin likitoci suna amfani da shi, kowa da irin nasa tsarin.

Sai a 2005 aka auna shi da babban ma'auni. A Birtaniya, Nick Maskell da abokansa suka tara marasa lafiya 454, rabi aka zuba musu streptokinase sau biyu a rana har kwana uku, rabi aka zuba musu abin da ba magani a ciki. Sakamakon ya sanyaya gwiwa: bai rage mutuwa ba, bai rage masu zuwa tiyata ba. Masana suka kawo dalilai. Wasu suka ce a wurin da yawa daga cikinsu an zuba shi a makare. Wasu suka ce maganin yana yanke zare ne kawai, bai taɓa kaurin mugunyar ba, kamar a fasa bangon ɗaki a bar taɓo a ciki.

Wannan tunani na biyu shi Najib Rahman na Jami'ar Okusfod ya bi. A binciken da aka buga a 2011, mutum 210 daga asibitoci 11 aka kasa gida huɗu. Wasu aka ba su mai yanke zare na zamani, tPA, wanda ake rubutawa alteplase. Wasu aka ba su mai tsinka kauri, DNase. Wasu duka biyun, wasu ba ko ɗaya. Waɗanda suka samu duka biyun, miligiram 10 na farko da miligiram 5 na biyu, safe da yamma har kwana uku, su ne hotonsu ya fi washewa. Huɗu cikin ɗari ne kawai aka tura tiyata, alhali a cikin waɗanda ba su samu komai ba 16 ne. Zamansu a asibiti ya ragu da kusan mako guda. Mai yanke zare shi kaɗai bai yi abin kirki ba. Mai tsinka kauri shi kaɗai kuwa ɓarna ya yi, 39 cikin ɗari sai da aka tura su tiyata.

Wace rana za a fara

Ba duk wanda aka sa wa roba ne ke buƙatar wannan magani ba. Da yawa roba da allurar kashe ƙwayoyin cuta sun ishe su. Maganin yana da tsada, kuma abin da ke narkar da guda yana iya tayar da zubar jini. Wani babban nazari na 2022 da ya duba mutum fiye da 1,800 ya samu wajen 4 cikin ɗari sun zubar da jini a cikin ƙirji. Shi ya sa ba a zuba wa kowa tun ranar farko.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta fitar a 2023 ta ce a duba zuba shi idan roba ta daina zubarwa alhali hoto ya nuna akwai saura. Ma'aunin da aka saba bi shi ne wajen kwana biyu da sa roba. In an kai nan zazzaɓi bai sauka ba, kwalba ta tsaya, sikanin ya nuna ɗakuna, to ba a ƙara jira. Ko magani, ko a kira masu tiyata. Kafin nan likita zai tabbatar robar ba lanƙwashewa ta yi ba, ba kuma zamewa ta yi daga wurinta ba, don robar da marar lafiya ya kwanta a kai ba magani take nema ba.

Sa'a ɗaya a matse

Ga yadda abin yake a gadon telan. Rabin sa'a kafin lokaci nas ta ba shi maganin ciwo, don zubawar takan yi zafi. Ƙarfe tara ta dawo da tire. Ta goge bakin robar, ta ɗura maganin da sirinji, ta bi shi da ɗan ruwan gishirin asibiti don kada ya tsaya a hanya, sannan ta matse robar. Ta rubuta 9:00 a jikin filasta ta liƙa.

"Malam, ka ga wannan? Ƙarfe goma zan buɗe. Kada kowa ya taɓa. In numfashinsa ya sauya ko ciwo ya tsananta, kada ka jira goma, ka zo ka kira ni ko ina nake."

"To, Malama. In goma ta yi ba ki zo ba fa?"

"Ka zo ka tuna mini. Amma hannunka kada ya kai wurin."

Matsewar tana da dalili. In an bar robar a buɗe, maganin zai biyo ta ya dawo kwalba bai taɓa komai ba, kuɗi sun tafi a banza. Sai ya zauna ya jiƙa zaren kamar yadda sabulu ke cin datti in an bar wanki a jiƙe. Barinsa fiye da kima kuma ba ya ƙara masa ƙarfi. Mai yanke zaren gajeren rai gare shi, a cikin jini rabinsa kan ɓace cikin minti biyar, a cikin mugunya ma jiki yana da sinadarin da ke kashe shi. Bayan ya gama aiki, robar da ke matse hana fitar abin da ya narke kawai take yi. A binciken Okusfod sa'a ɗaya aka ba kowane magani, kuma daban-daban aka zuba su, wato zubawa 12 cikin kwana uku. Wannan aiki ne mai yawa ga nas ɗaya da ke riƙe da ɗaki guda da dare. A 2016 likitocin wani asibiti a Bostan suka nuna ana iya zuba su lokaci guda a matse na sa'a biyu, kuma wajen tara cikin goma suka warke ba tiyata. Zubawa ta koma shida. Saboda haka in mai jinya ya ga na gadon kusa an matse masa sa'a biyu, nasa kuma ɗaya, ba kuskure ba ne. Abin da likita ya rubuta a katin kowa shi ake bi.

Ƙarfe goma nas ta buɗe. Kafin azahar kwalba ta tara mililita 400 na ruwa ja-ja da ɓarɓashi a ciki. Matar telan da ta kawo abinci ta gani ta dafe ƙirji, ta ɗauka jininsa ne ke tsiyaya. Launin ruwan wankin nama abu ne da aka saba gani bayan wannan magani, yawan ruwan ma haka, don maganin kansa yana sa tantani ya tsatso sabon ruwa da ke wanke wurin. Abin tsoro shi ne jini tsantsa mai kauri yana cika kwalba da sauri, ko marar lafiya ya yi fari, ya ji jiri, zuciya na bugawa da sauri. Wannan ba a jira zagayen likita.

Inda kuɗi ke cinye kwanaki

Sa robar ƙirji aikin babban asibiti ne. A Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke titin Ashaka, wanda aka kafa a matsayin cibiyar lafiya ta tarayya a 1996 ya zama na koyarwa a 2014, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na jiha. Ga mazaunin Federal Low-Cost tafiyar Keke Napep ce. Wanda ya taso daga Dukku ko Nafada ko Deba kuwa, hanya da kuɗin mota sun riga sun ci masa wasu kwanakin.

Sai maganar saye. A Najeriya yawancin iyalai daga aljihunsu suke biyan magani. Alteplase, wanda ake sayarwa da sunan Actilyse, yana cikin masu tsada sosai, kuma miligiram 10 sau shida miligiram 60 ke nan. Mai tsinka kauri, Pulmozyme, sai an ajiye shi a firji, ba kuma kowane kantin magani ke da shi ba. Abin da ya fi ciwo a wannan lamari shi ne likita ya yanke shawara a kan kari, ranar Laraba, sannan a shafe mako ana buga wa dangi waya, ana jiran kwasar adashi, ana neman mai sayen tunkiya. Kafin magani ya iso zaren ya zama nama, kuɗin da aka tara da ƙyar kuma ba su kai na tiyata ba.

Akwai abin da iyali za su iya yi. Ranar da aka sa roba, tun tana zuba lafiya, babban gida ya tambayi likita: in ta tsaya, me za a buƙata, nawa ne, a ina ake samu? Likita ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Kwana biyun da ake jiran ganin halin roba su ne na haɗa gudummawa. In ba a buƙaci kuɗin ba, sun koma abincin mai jinya. Wanda ke cikin inshorar lafiya, ta tarayya ko GoHealth ta jiha, shi ma a ranar ya kamata ya bincika abin da ta ɗauke masa.

Ba kuma hanya ɗaya ce kaɗai ba. Likitoci a Ostareliya sun nuna a 2017 cewa rabin awon alteplase, miligiram 5, ya wadatar wa wajen tara cikin goma. Streptokinase ya fi araha nesa, kuma duk da sakamakon Birtaniya na 2005, wani ƙaramin bincike a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 2004 ya samu ya rage masu zuwa tiyata. Illarsa ita ce yakan kawo zazzaɓi, jiki kuma yana haddace shi, in an sake ba mutum nan gaba ba lallai ya yi aiki ba, don haka wanda aka taɓa zuba wa ya riƙe sunan a takarda. A Biristol kuma, a 2015, an gwada ruwan gishirin asibiti zalla a kan mutum 35: mililita 250 sau uku a rana har kwana uku, a ɗura a bar shi ya wanko. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun raguwar ruwa, kaɗan ne cikinsu aka tura tiyata. Binciken ƙarami ne, amma ga asibitin da ke kula da talakawa labari ne mai daɗi. Zaɓin na likita ne, bisa abin da sikanin ya nuna masa da abin da hannu zai iya kaiwa gare shi a ranar.

Yara, da masu hatsari

A yankinmu yara ƙanana suna cikin waɗanda wannan ciwo ya fi kamawa, musamman bayan ƙyanda ko in yunwa ta raunana su. Jikinsu yana karɓar maganin da kyau. A 2002 an gwada wani ɗan'uwansa, urokinase, a kan yara 60 a Birtaniya, sau biyu a rana har kwana uku, ana matsewa sa'a huɗu, zamansu a asibiti ya ragu da wajen kwana biyu. A 2020 kuma aka gano a Kanada cewa ƙara wa yara mai tsinka kauri bai ƙara komai ba. Ta ɓangaren kariya kuwa, allurar rigakafin nimoniya, wadda Najeriya ta fara a Disamba 2014, ana yin ta a mako 6 da 10 da 14 da haihuwa, ta ƙyanda a wata tara, kuma kyauta ne a asibitin unguwa.

Ɗan acaɓan da ya faɗi haƙarƙari ya karye jini ya taru masa a ƙirji, nasa lissafin a juye yake. A kwanakin farko gudan jini shi ne ke toshe jijiyar da ta yage, narkar da shi a lokacin buɗe rauni ne. Sai an tabbata zubar ta tsaya, hoto kuma ya nuna gudan da roba ta kasa fitarwa, sannan a duba magani ko tiyatar kyamara, wadda ta fi sauƙi cikin makon farko. Wanda ya yi hatsari ya koma gida yana ɗaure ƙirji da rawani, bayan kwana goma numfashi ya gagara, ya wuce wannan damar.

Wani ruwan ƙirjin kuma na tarin fuka ne, shi ya sa ake kai shi gwaji. In shi ne, warkewa tana cikin maganin wata shida da ake bayarwa kyauta.

Aikin mai jinya

Kwalba kullum ƙasa da ƙirji take zama, ko za a kai marar lafiya banɗaki ko ɗaukar hoto. In aka ɗaga ta sama, abin da ya fita zai koma. Ba a karkata ta, ba a zubar da ruwanta, nas ce ke yi bayan ta rubuta adadi. Mai jinya ba ya matse roba da kansa ko da ya ga an yi sau goma, domin in huhu na yoyon iska, alamarsa kumfa a kwalba, matsewa tana iya tara iska ta danne huhu da zuciya cikin mintoci. Kafin a fara magani a gaya wa likita in marar lafiya na shan asfirin ko warfarin ko wani mai tsinka jini, in yana da gyambon ciki mai zubar jini, in an yi masa tiyata ko ya samu shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, in mace ce kuma ko tana da ciki. Tashi zaune, tari, dogon numfashi da 'yar tafiya a baranda duk suna taimaka wa huhu ya buɗe. Ko bayan an cire roba, maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan ci gaba har ya cika mako biyu zuwa shida, kuma daina shi don an ji sauƙi shi ne irin abin da ya kai telan gadon asibiti tun farko.

A misalin nan, zazzaɓin telan ya sauka a rana ta biyu da fara zubawa, aka cire roba bayan kwana biyar, ya koma gida da ledar magani da ranar dawowa ɗaukar hoto.

Aikin aji

Malami ya zana kwalba a allo da layukan mililita 100 zuwa 1,000. Ɗalibi ɗaya ya nuna inda ruwa ya tsaya da safe, a ce 350, wani ya nuna na yamma, a ce 720, aji ya fitar da abin da ya zubo a tsakani. Sannan a zana agogo: an zuba magani ƙarfe 8:40 na dare, likita ya rubuta sa'a ɗaya, ƙarfe nawa za a je a tuna wa nas? In sa'a biyu ya rubuta fa? Daga nan ɗalibai su koma labarin telan su ƙirga kwana goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi ranar da shi zai tare Keke Napep, da alamar da ya gani a jikin marar lafiya a ranar.